HAWAN JINI MAI SAUƘI: A SHA ƘWAYA KO A GYARA TUKUNYA?

Laccar da kwamitin kula da lafiya na ƙungiya ya gabatar a taron 'yan'uwa a Ketu, Legas



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da wakilansu, malamanmu, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, da 'yan'uwa da kuka taso daga Mil 12 da Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode da kuka bar rumfunanku da harkokinku kuka zo, don mun san abin da awa guda take nufi ga ɗan kasuwa a garin nan.

An ɗora mana nauyin amsa tambaya guda wadda ake yawan kawo wa wannan kwamiti. Mutum zai je asibiti saboda zazzaɓi, a ɗaura masa na'ura a hannu, a ce masa, "Alhaji, jininka ya ɗan hau." Daga nan sai ya shiga tsaka mai wuya. Wani zai ce masa kada ya kuskura ya fara shan ƙwaya, wai in an fara ba a bari. Wani kuma zai ce masa zancen rage gishiri ɓata lokaci ne, ya je kemis kawai a haɗa masa. To, wanne zai ɗauka? Za mu ɗora hanyoyin biyu a kan sikeli, mu ga nauyin kowace.

MENE NE HAWAN JINI MAI SAUƘI?

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban-ruwa da tiyo. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. In ƙarfin ruwa ya yi yawa kullum, wata rana tiyo zai tsage a inda ya fi rauni, shi kuma injin zai gaji. A jikin ɗan Adam wuraren da suka fi jin jiki su ne ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido.

Na'urar awo tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa lokacin da ta saki. Mai lafiya yana kusa da 120 bisa 80 ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mutum yana da hawan jini in an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye. Abin da likitoci ke kira mai sauƙi, ko mataki na farko, shi ne lambar sama tsakanin 140 da 159, ko ta ƙasa tsakanin 90 da 99. A kan wannan rukuni za mu yi magana yau. Wanda nasa ya kai 160 bisa 100 ya wuce zaɓi, magani zai fara ba tare da jinkiri ba.

Kada kalmar "mai sauƙi" ta ruɗe mu, jama'a. Ciwon ba ya sallama. Yawancin masu shi ba sa jin komai, ba ciwon kai, ba jiri, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna masu hawan jini a duniya sun ƙaru daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijeriya ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana ɗauke da shi. Ku dubi na damanku da na hagunku, ku yi lissafi da kanku.

ABIN DA ƘWAYA TAKE YI

Magungunan hawan jini iri-iri ne. Akwai mai buɗe jijiyoyi, kamar wanda za ku ga an rubuta amlodipine ko nifedipine a jikin kwalinsa. Akwai mai fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, kamar hydrochlorothiazide, wanda yake cikin Moduretic da yawancinmu muka sani. Akwai kuma irin su lisinopril da losartan, masu hana wani sinadari na jiki matse jijiyoyi. Da masana suka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2003, sun ga ƙwaya iri ɗaya, a ma'aunin da aka saba bayarwa, tana sauke lambar sama da kimanin maki 9, ta ƙasa da kimanin maki 5.

Wani zai ce maki 9 har nawa yake? Wani babban nazari da aka buga a 2016 ya nuna duk maki 10 da aka sauke a lambar sama yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin 100, haɗarin gazawar zuciya kuma da kashi 28. Wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Ya kamata mu sani kuma ba kowane magani ne yake aiki daidai a jikin baƙar fata ba. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya. An ga haɗin magani biyu da yake da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi sauke jini. Shirin shawo kan hawan jini da aka fara a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun a 2020 shi ma da amlodipine yake farawa. Saboda haka maganin da ya karɓi maƙwabcinka ba lalle ya karɓe ka ba, kuma zaɓensa aikin likita ne.

Ƙwaya tana da nata wahalhalu, ba za mu ɓoye ba. Amlodipine kan sa wasu kumburin ƙafa. Lisinopril kan jawo busasshen tari. Mai fitar da ruwa yana sa yawan fitsari, wanda yake damun direban da zai ɗauko kaya daga Kano zuwa Ikko, kuma wasu maza kan yi kukan ya rage musu ƙarfi wajen iyali. Duk waɗannan in an gaya wa likita zai iya canza wani, don haka kunya ba ta da amfani a ɗakin likita. Sai kuma kuɗi, don magani ya yi tsada ƙwarai tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi. Mata masu ciki da masu neman haihuwa kuwa, lisinopril da losartan suna cutar da ɗan tayi. Akwai waɗanda aka ware musu, irin su methyldopa.

Zancen "in an fara ba a bari" fa? Ƙwayar ba ta kama jiki irin kamun taba ko kayan maye. Abin da yake faruwa shi ne tana riƙe jinin ne, ba ta kawar da sanadinsa, kamar yadda tabarau yake gyara gani muddin yana fuska. In ka ajiye, jinin zai koma inda yake. Amma akwai waɗanda suka rage ƙiba da gishiri har likita ya rage musu magani. Likita ne zai rage bayan ya auna, ba kai ba.

ABIN DA GYARAN ABINCI YAKE YI

A 1997 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka da ake kira DASH. An ɗauki mutum 459, fiye da rabinsu baƙar fata, aka riƙa ciyar da su har sati takwas. Wani rukuni an ba su abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nono maras maiƙo, aka rage musu kitse da jan nama da kayan zaƙi. A cikin masu hawan jini na wannan rukuni lambar sama ta sauka da maki 11, ta ƙasa da maki 5 da rabi. Kun ga ke nan abinci ya yi abin da ƙwaya ɗaya take yi. A 2001 aka sake gwajin tare da rage gishiri, aka ga saukar ta ƙaru.

Gishiri shi ne babban mai laifi, saboda sinadarin sodiyam da yake cikinsa yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya yi yawa a tiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da duk wanda yake ɓoye a cikin abinci. Mai hawan jinin da ya rage kusan cokali guda daga abin da ya saba ci a yini yakan samu saukin kimanin maki 5. Mai ƙiba kuma, duk kilo ɗaya da ya zubar yana sauke masa kimanin maki ɗaya.

To, ina gishirin yake ɓuya a cimarmu? Ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu a tukunya sannan a ƙara gishiri. Farin magi shi ma yana da sodiyam. Akwai shi a yajin tsire da kilishi da balangu, da ɗan ƙullin da ke cikin taliyar leda, da kifin gwangwani, har da burodin Agege da muke karyawa da shi.

Sai kanwa. Da yawa ba mu ɗauke ta a dangin gishiri ba, alhali yawancinta sodiyam ne. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Iyayenmu mata, a riƙe wannan. Mai hawan jini, mace ko namiji, ya yi nesa da kunun kanwa, a kuma rage ta a miyar kuka da kuɓewa da dafa wake.

Abin da ake so a ƙara kuwa yana gabanmu: alayyafo, zogale, rama, yakuwa, kabewa, tumatir, wake, dankali, ayaba, lemo, gwanda, kankana. Suna ɗauke da sinadarin fotashiyam, wanda yake taimakon ƙoda wajen fitar da sodiyam. Abin mamaki, mu ne muke sauke wa Legas tumatir da tattasai da albasa da karas da kabeji a Mil 12 kowace safiya, amma a binciki abin da ɗan kasuwa ya ci tun asuba: shayi mai madara da suga da burodi, da rana taliya da ƙwai ko shinkafa da mai da yaji, da dare tsire. Muna zaune a kan magani muna sayar wa wasu.

Ana yawan tambayarmu zoɓo. Akwai gaskiya a ciki. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya ba mutane kofi uku na zoɓo kullum har sati shida, lambar sama ta sauka da kimanin maki 7, na waɗanda aka ba abin sha na bogi kuwa da maki ɗaya da ɗoriya. Amma mutum 65 ne kacal, sati shida ne kacal, kuma zoɓon ba irin na ƙullin leda ba ne da aka cika da suga. A sha shi ba suga, a gaya wa likita ana sha, kada kuma a ajiye magani saboda shi.

DA AKA HAƊA SU A FAGE ƊAYA

Wani zai ce, tunda abinci ya ba da maki 11, ƙwaya ta ba da 9, ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mutanen gwajin DASH dafa musu aka yi, aka auna, aka miƙa musu, na sati takwas. Wa zai yi mana haka a Ketu? Yawancin 'yan'uwanmu maza iyalinsu suna gida Arewa, a wurin masu tuwo da masu shayi suke ci, ba su da iko a kan abin da aka zuba a tukunya.

Gwajin da ya fi kusa da tambayarmu shi ne wanda aka buga a Amurka a 1993, a kan mutum 902 masu hawan jini mai sauƙi, 'yan shekara 45 zuwa 69. Dukkansu an koya musu rage ƙiba da gishiri da barasa da kuma motsa jiki. Sannan aka ba wasu magani na gaske, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, aka bi su fiye da shekara huɗu. Waɗanda suka tsaya a kan gyaran rayuwa kawai, jininsu ya sauka da kimanin maki 9 a sama, 9 a ƙasa. Waɗanda suka haɗa da magani kuwa, 16 a sama, 12 a ƙasa. Darasi biyu ke nan. Gyaran abinci yana aiki da gaske, har na shekaru. Haɗa shi da magani kuma ya fi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su kansu masana sun ɗan saɓa a kan lokacin farawa. Ƙa'idar da ƙungiyar masana hawan jini ta duniya ta fitar a 2020 ta yarda mai mataki na farko, wanda ba shi da wata cuta, a ba shi wata uku zuwa shida ya gwada gyaran rayuwa, in bai sauka ba a fara magani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 kuwa ta ce in an tabbatar da 140 bisa 90, a fara magani cikin sati huɗu, tare da gyaran abincin. Amma duk sun haɗu a kan abu biyu: babu wanda aka yafe wa gyaran abinci, kuma babu wanda aka yarda ya zauna shekara da shekaru jininsa a sama yana cewa yana kan gwaji.

WA ZAI IYA JIRA, WA BA ZAI IYA BA?

Wanda yake da ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko ciwon zuciya, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko da ta warware, ba ya cikin masu jira. Magani da gyaran abinci tare, tun ranar farko. Mace mai ciki kuwa ko yaya jininta ya hau maganar asibiti ce, ba ta gida ba, saboda jijjigar masu ciki.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, lambarsa kuma tana kusa da 140 bisa 90, yana iya neman likita ya ba shi wa'adi. Amma wa'adi na ɗan kasuwa, mai rana da lissafi. A rubuta ranar da aka fara. A rage magi da gishiri rabi, a mayar da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta su ba da ɗanɗano. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. A ci ganye da 'ya'yan itace kullum. A yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a sati. A bar taba. A rage goro da lemon ƙara kuzari. Sannan a riƙa awo ana rubutawa. In wata uku ya cika lambar ta sauko ƙasa da 140 bisa 90, alhamdu lillahi, a ci gaba a haka, a ci gaba da awo. In ba ta sauko ba, a karɓi magani ba tare da jin an gaza ba, don akwai gado a cikin ciwon nan, akwai kuma shekaru.

Shi ma awon yana da ladabi. A zauna minti biyar tukuna, a jingina baya, a ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada a yi magana. Kada a ci goro ko a sha taba rabin awa kafin awo. A auna sau biyu. Wanda ya sauko daga kan babbar mota yana haki aka auna shi, wannan lamba ba abin dogaro ba ce.

Akwai kuma abubuwan da suke ta da jini a ɓoye. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda 'yan dako da masu turin baro suke sha kullum, suna ɗaga jini, suna kuma lahanta ƙoda. Haka ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tasha da lasifika kuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki. Akwai wani gishiri da ake sayarwa wanda aka rage masa sodiyam aka sa fotashiyam. Wani babban gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin ya nuna a 2021 cewa ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Amma mai ciwon ƙoda, da mai shan lisinopril ko losartan ko Moduretic, kada ya taɓa shi sai da izinin likita. In azumi ya zo kuma, yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha a yini, sai a tambayi likita ko a sahur ko a buɗa-baki, kada a ajiye.

In na'ura ta nuna 180 bisa 110, a tafi asibiti a ranar. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, kada a tsaya shafe-shafe da jiran gari ya waye. Babban Asibitin Gbagada yana kusa da mu, ga asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, 'yan'uwanmu na Agege suna da na Orile-Agege, na Idi-Araba kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana ƙofarsu.

SHAWARARMU GA ƘUNGIYA

Muna roƙon shugabanni abu uku. Na ɗaya, kowane sashe na kasuwa, 'yan tumatir da 'yan albasa da 'yan hatsi da direbobi, su haɗa kuɗi su sayi na'urar awo irin ta dantse, a koya wa matasa biyu aiki da ita, a ajiye littafi. Na biyu, a zauna da masu sayar da abinci a unguwanninmu, a roƙe su su rage magi da gishiri da kanwa a tukunya, mai son ƙari ya ƙara a kwanonsa. In mu masu saye muka nema, za su yi. Na uku, a taimaka wa 'yan'uwa su yi rajistar inshorar lafiya ta jihar Legas, wato Ilera Eko, don kada rashin kuɗi ya sa mutum ya sha magani wata ɗaya ya bari wata biyu.

'Yan'uwa, neman abinci ya kawo mu kurmi, kuma kowannenmu akwai bakuna da yawa a gida da suke jiran abin da zai aika. Ranar da mai nema ya kwanta, gida guda ne ya kwanta. Kuɗin ƙwayar wata ɗaya da ɗan haƙurin rage gishiri ba su kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda na sati ɗaya ba. Wanda bai san lambarsa ba, ya je a auna shi cikin satin nan. Wanda ya sani, ya koma wurin likita da littafinsa a hannu, su yanke shawara tare. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita, ya sa albarka a nemanmu. Muna nan don amsa tambayoyi.